FILIN ZAMAN IYALI: Dillali Ya Ce Motarmu Za Ta Ja, Ni Kuwa Gabana Faɗuwa Yake

Wasiƙarmu ta wannan wata daga nesa ta taso, daga wata 'yar'uwarmu da aure ya kai ta Amurka. Ta roƙi in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ga abin da ta ce:

"Anti, shekararmu goma sha ɗaya da aure, 'ya'yanmu huɗu, ba mu taɓa kwana da fushin juna ba sai wannan karon. A ƙasar nan in an yi dogon hutun makaranta, za ki ga magidanci ya ɗaura wa motarsa wani ɗaki mai taya, wato tirelar tafi-da-gidanka, ciki da gadaje da kicin da banɗaki, ya kwashi iyali su tafi yawon buɗe ido. Maigida ya ƙwallafa rai sai ya saya mana, ya kai mu gandun dajin Yellowstone. Niyyarsa mai kyau ce, so yake mu riƙa dafa abincinmu na halal, mu yi sallarmu a natse, ba sai mun kama otal ba. Motarmu jif ce, Toyota 4Runner ƙirar 2019, mai kujeru bakwai. Dillali ya ce tana jan laba 5,000, tirelar kuma laba 4,200 ce, saboda haka ba matsala. Ni dai da na ga girmanta a bayan motarmu gabana ya faɗi. Na ce a sake shawara, ya ce na raina masa wayo, wai me mace ta sani game da mota. Yau kwana uku ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ga shi ƙarshen wata mai zuwa zai biya kuɗin. Anti, ni ce da laifi?"

To 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ba ki da laifi. Sai dai faɗuwar gaba ba ta kayar da namiji a gardama, lissafi ke kayar da shi. Don haka ɗauko biro da takarda mu zauna. Tun da su can da laba suke awo, mu kuwa kilo muka saba da shi, bari mu juya: laba 5,000 kilo 2,268 ce, laba 4,200 kuma kusan kilo 1,900. Lissafin maigida shi ne an debe wannan daga wancan, saura kilo 368, shi ke nan sai tafiya. Ina ma haka abin yake!

Da farko, wannan 5,000 ɗin gaskiya ce, amma ki san yadda aka samo ta. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE tana da ma'aunin da ake kira J2807, wanda kamfanonin mota ke gwada ƙarfin ja da shi. Ciki har da hawan wani dogon tudu kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, tafiyar kusan kilomita 18 cikin tsananin zafi. Gwaji ne mai tsauri, amma mutum biyu kacal ake ƙaddarawa a cikin motar, kowanne kilo 68. Babu yara huɗu, babu kular abinci, babu jakunkuna. Ku kuwa ku shida ne.

Na biyu, kilo 1,900 da dillali ya faɗa nauyin tirelar ce wayam, yadda ta fito daga masana'anta. Wa ke tafiya hutu da ɗaki wayam? Cika tankin ruwa mai lita 150, kin ƙara kilo 150, don kowace lita kilo guda ce. Tukwanen gas biyu da batir, ki sa kilo 60. Shinkafa, mai, tukwane, barguna, kayan sawa, kekunan yara, mu ce kilo 250, kuma ke ma kin san mu mata in muka tashi shirya kayan tafiya ba mu san "ya isa" ba. Tara duka ki gani: kilo 2,360. Ba a ko tayar da mota ba an wuce iyaka da kilo 92. Shi ya sa mai hankali ba ya duba nauyin wayam. A jikin tirelar ta gefen hagu wajen gaba akwai takarda manne, da haruffa huɗu GVWR. Lambar da ke gabansu ita ce iyakar nauyinta da kaya a ciki, da ita ake lissafi.

Na uku shi ne babban, kuma shi dillalai suka fi tsallakewa. Tirela ba ja kawai ake yi ba, ɗaukarta ma ake yi. Wuyanta yana danne ƙugiyar da ke bayan mota, kuma ƙa'ida ita ce wannan danniya ta kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. A taku, kusan kilo 300 ke nan zaune a gindin motar, alhali ƙugiyar irin motarku laba 500 aka yanka mata, wato kilo 227.

Yanzu je ki buɗe ƙofar direba. A jikin ƙarfen da ƙofar ke rufewa za ki ga 'yar takarda mai ɗauke da bayanin iskar taya, a nan aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Kowace mota da tata lambar, ki kwafo taku. Mu ƙaddara kilo 550 ce. Ke da maigida da yara, kilo 320. Kula da jakunkunan hannu, 50. Ƙarfen ƙugiyar kansa, 40. Saura kilo 140, ga wuyan tirela na neman wurin kilo 300. Kin ga ashe tun kafin a zo maganar ja, maganar ɗauka ta riga ta kashe zancen.

Me zai faru in an yi kunnen ƙashi? Bayan mota ya durƙusa, gaba ya ɗaga, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sako-sako a hannu. Giya ta ɗau zafi a hawa, birki ya ɗau zafi a gangara, ga shi hanyar Yellowstone duwatsu ce, kuma inji yakan rage ƙarfi a saman tsauni saboda ƙarancin iska. Mafi muni, babbar mota ta wuce ku a guje, iskarta ta bugi tirelar, ta fara kaɗa wutsiya dama da hagu har ta juya motar da ke janta. 'Ya'yanku huɗu suna kujerun baya. Allah Ya kiyaye.

Ba cewa na yi a fasa tafiya ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Masana harkar sukan ba da shawarar kada a wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin ja, wato kusan kilo 1,800 a motarku. Amma saboda yawanku, takardar bakin ƙofa ce za ta yanke hukunci: in kuka mayar da jakunkuna cikin tirela, wadda nauyinta da kaya bai wuce kilo 1,500 ba ita ce daidai ku. In kuwa ransa na kan babbar, to sai a sake mota. Chevrolet Tahoe da Ford Expedition akwai masu jan sama da laba 8,000, su ma a buɗe ƙofa a karanta tasu takardar kafin a yi ciniki. In da hali ma ku fara da haya, ku yi kwana biyu kusa da gida ku ɗanɗana.

Duk wadda kuka samu, ta kasance da birkinta na kanta, a sa na'urar sarrafa shi kusa da direba. A jera kashi 60 cikin ɗari na kaya a gaban tayoyinta, 40 a baya. Ku loda komai kamar ranar tafiya, ku shiga dukkanku, ku je babban sikelin da ke tashoshin manyan motoci, irin na CAT Scale, a auna ku da 'yan daloli kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma ta soma lilo a hanya, kada ya danna birkin mota da ƙarfi, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya matsa birkin tirelar da hannu.

Saura yadda za ki tunkare shi. Kada ki kai masa takardar nan kamar mai kai sammaci. Ki yi masa girkin da ya fi so, ki bari yara su yi barci, ki gode masa a kan niyyarsa, don wallahi ba kowane namiji ke tunanin hutun iyalinsa ba. Sannan ki ce, "Baban yara, don Allah zo ka nuna mini lambar nan ta bakin ƙofa, na kasa gane lissafin." Ki miƙa masa biron ya tara da hannunsa. In ya gano da kansa, kada ki ce "ai na faɗa maka", ki haɗiye ta.

Ku kuma iyayen gida masu leƙo wannan fili a ɓoye, na san kuna nan. Dillali kamashonsa yake nema, in an yi haɗari ba ya cikin motar. Wadda ke gefenka ita ce a ciki, ita da 'ya'yanka, don haka in ta ce a tsaya a duba, tsayawar ba ta rage maka girma.

'Yar'uwa, ki rubuto mana yadda kuka ƙare, in kun je kuma a aiko mana da hoto. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Masu karatu, a ci gaba da aiko da wasiƙu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti