Lissafin Shekarar Jariri, A Yi Shi Da Tiya

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, muna ganin abin mamaki gare mu: mutum ya iya lissafin buhu ɗari har da ladan dillali da kuɗin ɗauko, amma matarsa na da ciki wata bakwai bai aje ko tiya guda ba.

Mu dai shawararmu, a lissafa shekarar jariri da hatsi. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 mun ga yadda naira ke narkewa cikin aljihu, gero kuwa yana nan cikin rumbu. A saye shi da kaka. Maijego za ta sha kunun kanwa, ga itacen wankan jego na kwana arba'in, ga baƙi 'yan barka. Bayan wata shida kuma yaro zai soma kunu da ƙullin gyaɗa ko waken suya. Ragon suna, in haihuwa za ta faɗo kusa da Babbar Salla, a sayi ɗan tsaka-tsaki tun da wuri a kiwata.

Inda muke kuskure shi ne kashe komai ranar bakwai. Sauran wata goma sha ɗaya fa? Rigakafi kyauta ne, na ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9, amma mai babur ba ya kai mutum Bukkuyum ko Gummi kyauta. Zazzaɓin damina kuma yana zuwa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada.

Sai maganar da ta fi nauyi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Yargalma na cikin na farko. Dutsen zinari aka riƙa dakawa cikin gida, a turmin da ake surfe, ana niƙa shi a injin hatsi, jarirai na rarrafe cikin ƙurar. Sai da likitocin MSF suka zo da magani, aka kankare ƙasar gidaje, Bagega ma sai 2013. To, mai jariri ya sa kuɗin turmi na daban cikin lissafi, ya biya niƙa a injin da bai taɓa ganin dutse ba, ko da ya fi nisa. Mu masu hatsi kuma kada mu auna wa kowa a buhun da ya ɗauki ƙasar haƙa, komai arharsa.