Saran Maciji da Lissafin Riba

Kamfanin haɗa magunguna ba ya yi wa cututtuka kuɗin goro. Kowane fanni da irin lissafinsa. Maganin ciwon daji ana tsawwala masa farashi saboda inshora ce ke biya a ƙasashe masu arziki. Na hawan jini kuwa ribarsa a daɗewa take, tun da mai ciwon zai yi ta saye muddin rai. Manomin da maciji ya sara a gona ba ya cikin ko wanne lissafi.

Dubi Fav-Afrique, maganin dafi na kamfanin Sanofi Pasteur na Faransa, wanda ke karya dafin macizai iri goma, har da kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa. Kamfanin ya daina yin sa a 2014, ya karkata ga maganin cizon mahaukacin kare. Hujjarsa ita ce masu araha sun ƙwace kasuwa, alhali wasunsu da dafin macizan Indiya aka haɗa su, ba sa yi wa namu komai.

A ganina, zagin kamfani ɓata baki ne: ɗan kasuwa inda mai saye yake can ya dosa. Laifin ya fi rataya a wuyan gwamnatocinmu, da suka bar talaka shi kaɗai da ciniki. Da sun haɗa kuɗi sun yi alkawarin sayen wani adadi duk shekara, kamar yadda Gavi ke yi wa alluran rigakafi, da wuya a daina yin maganin. Wa'adin kwalaben ƙarshe ya cika a Yunin 2016, kuma sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.