Farfaɗiyar Dare: Kada A Bar Mai Ita Ya Kwana Shi Kaɗai

Farfaɗiyar da akasarin mutane suka sani ita ce ta rana, wadda kan kayar da mutum a tsakiyar kasuwar Sabon Gari ko a bakin titi a Kwangila, jama'a su dare, su yi cirko-cirko daga nesa suna kallo. Akwai kuma wadda ba ta da 'yan kallo. Ita wannan sai mutum ya yi barci take zuwa, ta yi abin da za ta yi cikin minti ɗaya ko biyu ta wuce, gari ya waye mai ita bai san an yi ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to amma a wannan ciwo maganar ba ta zauna ba, domin mai farfaɗiyar dare shi ne na ƙarshen sanin abin da ke damunsa. Wanda ya sani shi ne mai kwana kusa da shi, uwa ce ko wa, miji ne ko abokin ɗaki a makarantar kwana. Saboda haka al'adar nan ta ware wa mai farfaɗiya makwancinsa shi kaɗai, wadda har yau ake yi a wasu gidaje, tana cikin mafi munin abin da za a yi masa, kuma lokacin barinta ya yi.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara goma sha shida daga Basawa, wanda ke makarantar kwana. Ya daina fitsarin kwance tun yana ɗan shekara huɗu, sai ga shi yanzu, sau ɗaya ko biyu a wata, yana tashi katifarsa a jiƙe. Gefen harshensa ya yi rauni, akwai ɗigon jini a matashin kai, kansa na sara, gaɓoɓinsa na ciwo kamar wanda ya kwana yana huɗa. Da an shiga aji sai gyangyaɗi. Malamin lissafi zai ce malalaci ne, 'yan ɗakinsu za su laƙaba masa suna, shi kuwa kunya za ta sa ya riƙa wanke zanen gadonsa tun da duku-duku. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamu tana iya samun wani dalili, amma idan suka taru a jikin mutum ɗaya, likita zai fara tunanin farfaɗiya. Abu guda ne ya rage masa, wato bayanin wanda ya ga abin da idonsa.

Me ya haɗa barci da farfaɗiya? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, waɗanda ke aika wa juna saƙo ta hanyar 'yar wutar lantarki. Idan mutum yana farke, kowane rukuni na sha'anin gabansa, kamar kasuwa ranar cinta. Farfaɗiya takan tashi ne yayin da ɗimbin ƙwayoyin nan suka saki wutarsu gaba ɗaya, fiye da kima, ba bisa tsari ba. Shi kuma barci hawa-hawa ne, yana zagayawa kimanin kowane minti 90 tsakanin barci marar mafarki da barcin mafarki. A cikin marar mafarkin, ƙwayoyin jijiya sukan daidaita bugunsu su tafi tare, kuma wannan tafiya tare ita ke sauƙaƙa wa wutar da ta ɓalle ta bazu. Shi ya sa ciwon ya fi tashi jim kaɗan bayan an kwanta ko gab da farkawa, ba kasafai yake tashi ana tsakiyar mafarki ba. An san wannan ne ta na'urar awon wutar ƙwaƙwalwa, wadda wani likita Bajamushe mai suna Hans Berger ya fara gwadawa a jikin ɗan Adam a 1924.

Farfaɗiyar dare ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta yara 'yan firamare, wadda kan sa gefe ɗaya na fuska ya riƙa motsi, yawu ya dalalo, yaro ya kasa magana. Galibi wannan takan bar yaro da kanta kafin ya wuce shekara goma sha shida. Akwai ta matasa, wadda kan zo da fizgar hannu da kafaɗa da sassafe, har kofin koko ya suɓuce daga hannu, kuma ba abin da ke tayar da ita kamar ƙarancin barci. Akwai kuma wadda ta fi rikita mutane: mai ita zai zabura, ya yi ƙara, ya riƙa shure-shure kamar mai tuka keke, daƙiƙa talatin ko arba'in, sa'an nan ya koma barci, wani lokaci sau da yawa a dare guda. Duk wanda ya ga wannan a ƙasar Hausa zai ce iska ce ta hau. Su ma likitocin Turai sun daɗe suna ɗaukar ta a matsayin mugun mafarki ko taɓin hankali, sai daga baya aka tabbatar farfaɗiya ce da ke tasowa galibi daga sashen gaba na ƙwaƙwalwa. A 1995 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa wani nau'inta a cikin wata babbar zuriya a ƙasar Ostareliya.

Ba duk abin da ya faru da dare ne farfaɗiya ba. Wanda dannau ya danne yana cikin hankalinsa, motsi ne ya gagara, kuma da safe zai ba da labarin abin tiryan-tiryan. Firgitar ƙananan yara da tafiya cikin barci su ma daban suke. Farfaɗiya gajeriya ce, kuma duk zuwan da za ta yi kamanninta ɗaya ne, kamar an sake kunna kaset. To, wa zai iya faɗin haka in ba wanda ya gani sau biyu ko uku ba? Ita kanta na'urar awo takan nuna komai lafiya lau idan aka auna mutum da rana yana farke. A yau da kusan kowane gida ke da waya mai ɗaukar bidiyo, hoton minti ɗaya da aka ɗauka domin likita, ba domin a yaɗa ba, ya fi dogon bayani amfani. Gani ya kori ji.

Dalilin da kan sa a ware mai farfaɗiya sananne ne, wato tsoron yawunsa. An gaji imanin cewa duk wanda kumfar bakinsa ta taɓa, ko ya ci abinci a kwanonsa, ko ya tsallake inda ya faɗi, shi ma zai kamu. Wannan ba gaskiya ba ne ko kaɗan. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko numfashi, ko fitsari, ko haɗa shimfiɗa. Abin da kan jawo ta a wannan yanki shi ne raunin da ƙwaƙwalwa ta samu: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, faɗuwa daga kan acaɓa ba hular kwano, da kuma sanƙarau. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa, kuma farfaɗiya na cikin tabon da wannan cuta kan bari ga waɗansu da suka tsira. A wasu mutanen gado ne, a wasu da yawa kuma ba a gano sanadi.

Sai dai illar warewar ta wuce ɓacin rai. Likitoci sun san wata irin mutuwar fuju'a da kan auka wa masu farfaɗiya, wadda a ƙididdigar ƙasashen Turai da Amurka kan ɗauki kimanin mutum ɗaya cikin 1,000 na manya masu ciwon a kowace shekara. Mafi yawanta da dare take faruwa, a tarar da mutum da safe a kan gadonsa, sau da yawa a kife. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ya bi diddigin waɗanda suka rasu suna haɗe da na'urori a asibiti, ya nuna cewa bayan babbar jijjiga numfashi ne ke fara ɗaukewa, sa'an nan zuciya ta tsaya. 'Yan mintocin nan ne ke buƙatar wani a kusa, wanda zai juya mutum, ya ɗauke fuskarsa daga matashin kai, ya taɓa shi, ya kira sunansa. Malaman makarantun kwana ya kamata su san wani binciken na 1995 a kan wata makarantar kwana ta yara masu farfaɗiya a Ingila, inda aka ga cewa mace-macen fuju'a sun faru ne lokacin da ɗaliban ba sa ƙarƙashin kulawar makarantar, wadda ke sa musu ido da dare. Ga kuma haɗarin da ya shafi nan gida. Da sanyin hunturu na Zariya akan shigar da kaskon wuta ɗaki, ga fitilar kwai ko kyandir idan an ɗauke lantarki. Mai jijjiga ba ya jin ƙuna sai ya farfaɗo.

Abin da ake so abokin kwana ya yi bai taka kara ya karya ba. Ya kawar da wuta da duk abin da zai ji wa mutum ciwo, ya duba agogo, kuma da zarar jijjigar ta lafa ya kwantar da shi a gefensa don yawu ya fita. Kada ya danne shi, kada ya ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin wannan hali, domin zai shaƙe. Cusa cokali a baki kuwa haƙora kawai yake karyawa, tunda ba mai iya haɗiye harshensa. Idan jijjiga ta wuce minti 5, ko wata ta biyo kafin ya dawo hayyacinsa, sai asibiti nan take, ko ƙarfe nawa ne. Idan ta wuce lafiya, a zauna tare da shi har numfashinsa ya daidaita.

Mai karatu na iya cewa wannan ɗora wa yara nauyin da ya fi ƙarfinsu ne, kuma sanar da 'yan ɗaki tonon asiri ne. Maganar tana da ƙanshin gaskiya. Ganin farfaɗiya da tsakar dare akwai ban tsoro, kuma iyayen da suka ɓoye ciwon 'yarsu sun san abin da suke gudu, domin sun ga waɗanda aka fasa aurensu. Amma ɓoyewar ba ta daɗewa a ɗakin da mutum ashirin ke kwana, kuma gara su ji daga bakin malami, da bayani, da su gani ba shiri su watse da gudu. Ba dole ba ne kowa ya sani. Malamin da ke kula da ɗakin kwana, da ma'aikacin jinya na makaranta, da abokai biyu masu hankali sun isa. Batun sutura kuwa yana da tushe a addini. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mata mai farfaɗiya da ta roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ciwon ya tashi, ya kuwa yi mata. Wanda ya ja mayafi ya rufe abokinsa, ya kuma kama bakinsa da safe, ya yi abin da ya dace. Haka nan wanda zai auri mai wannan ciwo, mace ko namiji, ya cancanci a gaya masa tun da wuri, tunda shi ne zai zama abokin kwanan.

Sa ido ba ya maye gurbin magani, kuma babu abin da ya hana a haɗa magani da addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun sa. Abin ban sha'awa, farfaɗiyar dare ce ta yi sanadin gano amfanin fenobabiton ga wannan ciwo, wanda ke cikin mafi arha daga magungunan. An ruwaito cewa a 1912 wani matashin likita a Jamus, Alfred Hauptmann, yana kwana a saman ɗakin majinyata waɗanda faɗuwarsu ke hana shi runtsawa, sai ya ba su wannan sabon maganin barci don ya huta, ya wayi gari ya ga ciwon ya ragu dare da rana. Yanzu akwai wasu, irin su kabamazefin da balforet, kowanne da nau'in da ya fi dacewa da shi. Maganin da ya yi wa wani aiki yana iya tsananta ciwon wani, kuma balforet na iya yi wa ɗan tayi lahani. Don haka karɓo sunan magani daga maƙwabci a je kemis a saya kasada ce. Mutanen Basawa da Samaru ba su da uzurin nisa, domin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa, kuma akwai likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a can.

Bayan an fara magani, abubuwa biyu ne suka fi dawo da ciwon, wato tsallake shan maganin da kuma hana ido barci. Na farkon yakan faru idan kuɗi suka ƙare, ko aka ga an yi wata uku lafiya aka ce an warke. Yanke magani farat ɗaya kuwa yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Na biyun ɗabi'ar ɗalibai ce idan jarrabawa ta ƙarato, a kwana ana haddar darasi ana taunar goro. Ga mai farfaɗiya wannan karatu asara ne, domin jijjiga ɗaya za ta cinye masa yinin gobe. Turamol da wasu matasa ke sha don ƙarin kuzari yana kayar da ko wanda bai taɓa faɗuwa ba. Idan azumi ya matso, da tashin sahur da tahajjud, likita ne zai gyara lokutan shan magani tun kafin a ga wata.

Abin da ya rage wa hukumar makaranta kaɗan ne, kuma ba ya cin kuɗi. A ba yaron gadon ƙasa, kusa da na wani da ya san abin yi. A ɗauke masa aikin jan ruwa a rijiya, kada kuma ya shiga wanka ya kulle ƙofa. Maganinsa ya zauna wurin ma'aikacin jinya, a tanadi ɗan littafi da za a riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, da lokacin, da tsawonsa, domin da shi likita zai san ko maganin ya karɓe shi idan ya koma Shika.