Ingarma Ba Ya Cin Ƙaiƙayi

Samarinmu masu tace fim, da masu zane, da masu wasannin kwamfuta, sun soma gane cewa ba tilas ba ne mutum ya sayi na'ura a rufe kamar kifin gwangwani. Yanzu sai su bi Beirut Road a Kano, ko Computer Village ta Ikeja, su tsinto kaya ɗai-ɗai, su ɗaura kwamfutar tebur da hannunsu. Mun yaba da wannan ƙwarai. Wanda ya haɗa abinsa ya san cikinsa, ba mai ruɗa shi da Turanci ya karɓe masa kuɗi, kuma ran da wani ɓangare ya tsufa sai ya cire shi kaɗai ya musanya.

Amma akwai wata ɓarna da muke gani, ba kuwa za mu yi shiru ba.

Yaro ya shekara yana tari, ga kaya duk na Dala ne. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 1923 ba mu ce ba, na 2023 muke nufi, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haye 1,500 a 2024. To, da wannan gumin ne zai kwashi kusan duka ya zuba a katin hoto, domin shi ne abin nunawa ga abokai. Sa'an nan da 'yan canjin da suka rage ya sayi akwatin wuta maras suna, watau wanda ke rarraba lantarki ga dukan kayan ciki. Ashe an sayi ingarma za a ciyar da shi ƙaiƙayi!

Ku duba lissafi, jama'a. Katin RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kamfanin Nvidia kuwa ya ce a ba na'urar akwati mai wat 550. Na arha yakan rubuta 600 a jikinsa, amma rubutu ne kawai. Ran da aiki ya yi nauyi sai ya mutu, wani lokaci ma ya tafi da katin da babban allon gaba ɗaya.

Balle a ƙasarmu. A watan Afrilu na 2024 mahukunta suka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa Naira 225 kowane yunit, a watan Oktoba kuma Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu. Wutar da ke zuwa ba sallama, ta tafi ba ban kwana, ita za a jona wa dukiyar shekara guda kai tsaye?

Shawararmu ita ce a sauko da katin mataki ɗaya. Rarar a sayi akwatin wuta na kamfani sananne mai hatimin 80 Plus, a haɗa da UPS wanda zai riƙe na'ura har a adana aiki. A ƙara fanka, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu. Batun dacewar kaya kuwa mai sauƙi ne: furosesan AMD ba ya zama a allon Intel, RAM na DDR4 ba ya shiga ramin DDR5.

Masu neman kati na hannu su yi hattara. Da aka daina haƙar Ethereum a watan Satumba na 2022, katunan da suka yi aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Kada a biya sai an kunna a gaban mai shago, an ɗora masa wasa mai nauyi na rabin sa'a, an ga zafinsa, an ji ƙarar fankarsa.