Sharhi: Yadda Cinikin Rigunan Magoya Baya Zai Iya Kai Ɗan Kasuwa Kotu

Da zarar an fara kakar Firimiyar Ingila ko gasar cin kofin Afirka, sai ka ga riguna da huluna masu tambarin Arsenal, Chelsea ko Super Eagles sun cika kasuwanni daga Sabon Gari a Kano zuwa Wuse a Abuja. Da yawansu a shagunan ɗab'i na cikin gari ake buga su, ba tare da izinin masu tambarin ba. Mafi yawan masu wannan sana'a suna ɗaukar ta a matsayin neman halak da nuna ƙauna ga ƙungiya. Sai dai doka ba haka take kallon lamarin ba.

Haƙƙi biyu ne abin ya shafa. Na farko shi ne alamar kasuwanci, wato suna ko tambarin da aka yi wa rajista, wanda dokar 1965 ta kare a Najeriya. Na biyu shi ne haƙƙin mallakar fasaha, wanda ya ƙunshi zane da hoto. Sabuwar dokarsa, wadda tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023, ta bai wa mai hoto kariya ta shekara 50. Ke nan hoton ɗan wasa ko jarumar Kannywood da aka sauko da shi daga intanet yana da mai shi.

Uzurin ƙauna ya riga ya faɗi a gaban alƙalai. Matthew Reed ya shafe kimanin shekara 30 yana sayar da kayan Arsenal a kusa da filin Highbury da ke Landan, har ya kafa allo yana sanar da masu saye cewa kayan ba na ƙungiyar ba ne. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2002 cewa allon bai wanke shi ba, domin da zarar rigar ta bar teburinsa, wasu daga cikin masu ganin ta za su iya ɗauka daga Arsenal ta fito. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta bai wa Arsenal gaskiya a 2003. Haka mawaƙiya Rihanna ta yi nasara a kan Topshop a 2013 saboda rigar da ke ɗauke da hotonta.

A nan gida, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraren irin waɗannan ƙararraki, kuma tana iya dakatar da ciniki, ta ba da umarnin kwashe kaya, ta kuma sanya diyya. Wanda ya koma talla a Instagram ko Facebook shi ma bai tsira ba, domin ƙorafin mai tambari kan sa a goge tallan, a rufe shafin idan aka maimaita.

Gaskiya ne manyan ƙungiyoyi ba su cika bin ƙananan 'yan kasuwa ba, kuma tsadar rigar asali ce ke raya wannan kasuwa. Amma haɗarin yana ƙaruwa ne gwargwadon girman jari. Mafita ga mai buga riguna ita ce ya ƙirƙiri zanensa, ya guji suna da tambarin da ba nasa ba, ko ya nemi izini a rubuce kafin ya zuba kuɗinsa.