Harafin da ba shi da lamba, kwamfuta ba ta san da shi ba

A arewacin Kanada, ƙasar ƙanƙara, ƴan ƙabilun Kiri da Inuwit suna da rubutunsu wanda ba boko ba, ba ajami ba. Alama guda gaɓa ce sukutum. Wajen shekarar 1840 aka fara buga shi, ta hannun wani ɗan mishan, James Evans. Dabarar ita ce juya alama: ᐱ ana karanta ta pi, in ta fuskanci dama ᐳ ta zama pu, in ta fuskanci hagu ᐸ ta zama pa.

To, kwamfuta da salula ba su san harafi ba, lamba suka sani. Kamar rumfunan kasuwa ne: wadda ba ta cikin rajista, mai karɓar haraji bai san da ita ba, ko da kaya sun cika ta. Rajistar farko da Amurkawa suka yi, ASCII, gurbi 128 kawai gare ta, daidai bukatar Ingilishi. Sai mutanen arewacin Kanada suka riƙa yin aron rumfa: su ɗora zanen alamarsu bisa lambar wani harafin boko. Muddin takardar tana cikin kwamfutar mai ita, lafiya lau. Da ta isa ofishin da ba shi da irin wannan zane, sai ta fito shirme. Takardar asibiti ko ta shari'a in ta lalace haka, ai ba abin dariya ba ne.

A 1999, shekarar da aka kafa yankin Nunabut, babbar rajistar duniya mai suna Unicode ta ware wa wannan rubutu gurbi 640. Kowane juyi da lambarsa, wato pi, pu da pa rumfa uku ne daban. An yi ƙari a 2009. Duk da haka Inuwit na yankin Natilik sun jira har 2021 kafin wasu sautukan karin harshensu su samu lamba. Kafin nan tilas su ari alamar da ba tasu ba. A ganinmu jinkirin ba na fasaha ba ne. Ba a ba da lamba sai wani ya kai bukata a rubuce da hujjojinta, kuma ƙaramar al'umma ba kullum take da mai zuwa mata taron ba. Samun lambar ma rabin tafiya ce, don sai kamfanin waya ya sa zanen a ciki, in ba haka ba ɗan akwati fanko ake gani.

Mu nan abin bai yi mana nisa ba. Tifinar na Abzinawa ya shiga rajistar a 2005. Namu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sun daɗe da lambobinsu, amma ba sa cikin ɗan jerin harufan da aka tsara wa gajeren saƙo na salula. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160. Da ƙ guda ta shiga, sai waya ta sauya tsari, iyakar ta koma 70. Ƴar kasuwar da ta rubuta wa dillalinta na Damagaram dogon bayani da Hausa daidai, tana iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku. Ba mamaki da yawanmu suke rubuta kasa, su bar mai karatu ya gane ko ƙasa ake nufi ko kasa kaya.