Ba a fafe gora ranar tafiya: maganar rubutu a aji ɗaya

Jama'a, yau rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Duk wanda ke aji ɗaya a jami'a ko kwaleji a Kafanchan da kewaye, ko yake da ƙani ko ɗa a can, wannan magana tasa ce. Malamanmu ma, da girmamawa, ku ba ni aron kunne.

A ganina kwas ɗin Turancin da ake yi wa 'yan aji ɗaya, wanda a jami'o'i yanzu ake kira GST 111, ya fi kowane kwas na wannan shekara amfani, kuma shi muka fi rainawa. Ɗalibi ya ɗauke shi kwas ɗin cike gurbi: a sayi handawut, a haddace, a shiga jarrabawa a zaɓi A, B, C ko D, a wuce. Sai an kai ajin ƙarshe sufabaiza ya ce "kawo babi na ɗaya", a nan ido ke raina fata. Mutumin da bai taɓa rubuta shafi biyu da kansa ba, yau an ce ya kawo babi biyar.

Tun da na gama karatu nake duba wa ƙanne furojet, daga makarantu daban-daban, na nan gida da na nesa, don haka kada wani ya ce makarantarsa nake nufi. Ciwon ɗaya ne ko'ina. Za ka ga gabatarwa an kwafo daga wani furojet na wata jiha, har sunan ƙaramar hukumar can an manta ba a canza ba. Za ka ga an jera sunayen marubuta goma, ka tambayi yaro wanne ya karanta, ya yi shiru yana murmushi. Wasu kuwa ba sa ma wahalar da kansu, akwai masu rubutawa a biya su. Kuɗin da uwa ta sayar da citta ko acca ta turo, shi ake miƙa wa wani ya yi maka tunani. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne wallahi. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake yi.

Abin mamaki, manhajar da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disamba 2022, wato CCMAS, ta lissafa abubuwan nan a cikin GST 111: wasiƙa, rahoto, taƙaitawa, takardar tarihin karatu ta neman aiki, da haƙƙin mallakar rubutu. A takarda komai na nan. Amma sanin ma'anar rahoto daban, rubuta rahoto daban. Ana iya cin tambayar "rahoto kashi nawa ne" ba tare da an taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. Ba a koyon tuƙin babur da zaɓen A ko B.

To me nake so a yi? Abu biyu ne.

Na farko, a koyar da rubutu iri-iri, kowanne da mai karanta shi da aikin da zai yi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron Kafanchan yakan tashi da harshe biyu ko uku: Jju ko Tyap ko Hyam ko Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji. Ya san yadda ake magana a gidan ta'aziyya ba haka ake yi wajen neman aure ba. Ya san in an je gaban hakimi akwai abin da ake fara faɗa kafin a kawo ƙara, in kuma ciniki ake a kasuwa akwai inda ake farawa da inda ake tsayawa. Ba wanda ya ba shi handawut a kan wannan. Ya gani ne, ya saurara, ya gwada, aka gyara masa. Rubutun makaranta ma haka yake. Kowane iri da tsarinsa, kuma tsarin yana da dalili.

Bari in ba da misali da abin da ya taɓa kusan kowane gida a kudancin Kaduna. A daminar 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu, mutane suka tafka asara. A ce malami ya ɗauki wannan batu ɗaya ya ce a rubuta shi sau huɗu cikin semesta.

Saƙo zuwa ga babanka manomi, da Hausa ko da yarenku, a kan alamun da zai duba a ganye da saiwa. Nan dogon Turanci ba shi da amfani, abin da zai yi gobe da safe kawai yake son ji.

Wasiƙa zuwa ga sashen noma na ƙaramar hukuma. Nan dole buƙata ta fito a sakin layi na farko: ƙauye kaza, manoma kaza, ga abin da muke nema. Jami'in da takardu suka cika masa tebur ba zai karanta tarihin citta ba kafin ya gane me kake so.

Rahoton gona na malami: me ka je dubawa, ta yaya ka duba, me ka samu, me hakan ke nufi. Nan ba a son "a ganina" sai an ga adadi da hujja.

Sai labari na Facebook ko na rediyo, wanda in layin farko bai kama mutum ba ya wuce.

Batu ɗaya, rubutu huɗu. Ɗalibin da ya yi wannan ya gane abin da haddar shekara ba za ta ba shi ba: kafin ka ɗora biro, tambayi kanka wa zai karanta, kuma me kake so ya yi in ya gama. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna na Kafanchan tsangayar noma da ta muhalli ne ke cikinsa, rahoton fili shi ne abincinsu na yau da gobe. Na Gidan Waya malaman gobe ne, tsarin darasi da rahoton ɗalibi ke jiransu. Na makarantar jinya kuwa, abin da suka rubuta a fayil ɗin mara lafiya shi wanda ya karɓe su aiki zai bi da tsakar dare, kuskuren layi ɗaya na iya cin rai. Me ya sa za a tara duk waɗannan a ce su rubuta "ranar da ba zan manta ba" kamar suna sakandare?

Wannan hanya ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wani malami ɗan Ingila, John Swales, wanda ya koyar a Jami'ar Khartoum kafin ya koma Michigan a Amurka, ya zauna ya duba yadda masana ke rubuta gabatarwar bincike, ya fitar da littafi a kai a 1990. Ya ga yawanci taki uku suke yi: su nuna fagen da muhimmancinsa, su nuna giɓin da na baya suka bari, sannan su ce ga yadda nasu aikin zai cike giɓin. Iyakarsa ke nan. Babi na ɗayan da ke hana 'yan ajin ƙarshe barci, ƙashin bayansa ke nan, kuma ana iya koya wa ɗan aji ɗaya cikin mako biyu. A Sidni ta Ostareliya kuma, tun shekarun 1980 malamai suka tsara wa yaran unguwannin talakawa da 'ya'yan baƙi koyon rubutu mataki uku: a warware samfuri tare a ga yadda aka gina shi, a rubuta sabo tare da malami a allo, sannan yaro ya rubuta nasa shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa zaman shagon tela ya san wannan. Za a ba ka tsohuwar riga ka farke ka ga yanka, ka ɗinka da maigida a gefenka, sai daga baya a bar ka da yadin mutane.

Abu na biyu shi ne bincike, kuma shi ya fi damuna. Bincike a aji ɗaya ba ya buƙatar manyan kalmomi. Tambaya uku ce ɗalibi zai saba yi wa duk abin da ya karanta: Wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? Ta ina ya sani?

Ga misali a ƙofar gidanmu. Ƙauyen Nok yana ƙaramar hukumar Jaba. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a wajen, a 1943 kuma wani kan yumɓu da ake kira Kan Jama'a ya isa hannun Bernard Fagg a Jos, shi ya gane cewa aikin al'umma ɗaya ne mai tsohon tarihi. In ka buɗe tsofaffin littattafai za ka ga an ce al'adar Nok ta fara wajen shekara 500 kafin Miladiyya. Amma masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, da suka fara tono a yankin tare da 'yan Najeriya tun 2005, sun mayar da farkonta wajen shekara 1500 kafin Miladiyya. Bambancin shekara dubu! A ba ɗan aji ɗaya waɗannan biyun a ce ya gano wanne ya riga wanne fitowa, da wace hujja kowanne ya dogara, ya rubuta shafi ɗaya. Daga ranar ya san cewa abin da ke cikin littafi ma yana tsufa, kuma ya san dalilin da ya sa ake sa sunan marubuci da shekara a cikin rubutu. Yawancinmu mun ɗauka ado ne ko mugunta ce ta sufabaiza.

Kuma mu a nan, iya tantance labari ya wuce maganar maki. A Maris 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. Lokacin babu wayar hannu. Yau hoto ɗaya na wata ƙasa, na shekara biyar baya, ana iya manna masa sunan ƙauyenku ya zagaye guruf-guruf na WhatsApp kafin a gama karin kumallo. Su wa ke turawa? Har da mu 'yan makaranta, waɗanda iyaye ke cewa "ai ɗana na jami'a ne ya turo". Ɗalibin da aka horar ya tsaya ya ce wa ya ɗauki hoton nan, yaushe, a ina, ya yi wa garinsa aikin da ya fi digirinsa daraja.

Na san abin da za a ce. Malami ɗaya, ɗalibai ɗaruruwa a zaure, wa zai duba rubutun? Gaskiya ne, kuma ba na ɗora wa malamai laifi, da yawansu suna aikin mutum uku da albashin da bai kai ƙarshen wata. Amma akwai dabara. A raba aji rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida. Rubutu ya zama gajere, shafi ɗaya. Ɗalibai su fara duba na juna da ma'aunin da malami ya rubuta a allo, kafin ya iso gare shi. Sassa su ba da hannu, malamin noma ya kawo samfurin rahoton gona na gaske, malamar jinya ta kawo nata, malamin Turanci ya warware su da yara. CCMAS ɗin ma ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na manhaja ta tsara da kanta, don haka ƙofa a buɗe take.

Wasu za su ce yaran ko jimla ba su iya haɗawa ba, a fara da nahawu tukuna. Shekara shida a firamare, shida a sakandare ana nahawu. In bai zauna ba a sha biyu, ƙarin wata huɗu na irin wannan koyarwa ba zai zaunar da shi ba. Gyaran da ke kama mutum shi ne wanda aka yi masa da jan biro a kan jimlar da shi ya rubuta, a wasiƙar da yake son a amsa masa.

Sai masu cewa ai yanzu akwai ChatGPT, wa zai wahala? Nima ina amfani da shi. Amma yakan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su a duniya, ya jera maka su tsaf kamar gaske. Wanda bai iya bin sawun magana ba, shi zai fara rufta. Kuma in malami ya ce je kasuwar Kafanchan ka yi hira da 'yan kasuwa biyar a kan farashin citta bana da bara, ka kawo abin da suka ce da bakinsu, babu manhajar da za ta je maka. Sai ka sa takalmi.

Ku kuma ƙannena 'yan aji ɗaya, kada ku zauna jiran a canza tsari, yana iya ɗaukar shekaru. Shiga laburaren sashenku ka nemi tsofaffin furojet uku masu kyau, ka karanta gabatarwarsu kawai, ka ga ko za ka gane takin nan uku. Ka tanadi littafi guda, duk abin da ka karanta ka rubuta sunan marubuci, shekara da shafi, sannan ka rufe littafin ka taƙaita da kalmominka. In ƙungiyar ɗalibai ta garinku na neman sakatare, karɓi. Rubuta bayanin taro da wasiƙar neman zaure horo ne kyauta, kuma in ka rubuta shirme a ranar za a gaya maka. Ku haɗu ku uku ko huɗu kuna musayar rubutu duk sati. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda yake aji ɗaya yanzu, don Allah faɗa mana gaskiya: tun da aka fara semesta, sau nawa ka rubuta wani abu da hannunka aka duba aka mayar maka da gyara? Malamai masu koyar da kwas ɗin nan, in akwai inda ake yin abin da na faɗa, ku gaya mana yadda kuke yi da yawan ɗalibai, wasu su koya. A tura wa wanda ya kamata ya gani.